Ƙaddara da Sababi a Jikin Mace Mai Rikicin Al'ada

Tun zamanin da malaman tauhidi suka fara tsayawa a kan mas'alar ayyukan bayi, suna rarrabe abin da mutum ya aikata da zaɓinsa daga abin da ya auku gare shi ba da son ransa ba, har suka riƙa kafa hujja da bambancin da ke tsakanin hannun da mai shi ya ɗaga da gangan da hannun da ke karkarwa saboda cuta, mafi yawansu sun tsaya a kan asali guda, shi ne cewa ba a tuhumar bawa sai a kan abin da aka ba shi iko a kansa. Kowane almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya ji wannan ƙa'ida. Amma sanin ƙa'ida a zaure daban, aiki da ita a cikin gida daban, kuma akwai wani jinsin mata a cikinmu waɗanda kullum ake yi musu hisabi a kan abin da ba su ƙulla ba, alhali kuwa abin da ya kamata a tambaya game da su, wanda ya shafi ransu da tsawon kwanansu, ba mai tambayarsa.

Kowa ya san irinsu, ko a danginsa ko a maƙwabta. Yarinya ce tun tana budurwa al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, ta zo wannan wata, ta ɓace wata uku ko shida, in kuwa ta tashi zuwa wani lokaci ta ƙi ɗaukewa. Gashi mai kauri ya tsiro mata a haɓa ko a ƙirji, ƙuraje suka ƙi barin fuskarta bayan sa'o'inta sun daɗe da rabuwa da su, ƙiba ta taru mata a ciki ko da cinta bai fi na 'yan'uwanta ba, bayan wuyanta da hamatarta suka yi baƙi da kauri, uwa ta yi ta dirza da soso tana cewa dauɗa ce. Aka yi aure, shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, shiru. Daga nan fa bakuna suke buɗewa: wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce namijin dare ne ya aure ta, uwar miji ta ce hutu ne ya yi mata yawa har kitse ya toshe mata mahaifa, wata kuma ta rage murya ta ce juya ce, a nemo masa wata.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan lalura. A 1921 wasu likitocin Faransa biyu, Achard da Thiers, suka rubuta bayani a kan haɗuwar gemu da ciwon sukari a jikin mace, wato a shekarar da aka gano sinadarin insulin a birnin Toronto na Kanada. A 1935 kuma Stein da Leventhal, likitocin mata a Shikago ta Amurka, suka bayyana halin mata 7 masu ɗaukewar al'ada da rashin haihuwa, waɗanda aka tarar gidan ƙwansu ya kumbura, cike da ƙananan ƙwai da suka fara girma suka tsaya. A yau ana kiran lalurar PCOS, kuma tun taron da masana suka yi a Rotadam ta ƙasar Holan a 2003 ake tabbatar da ita idan an sami biyu daga alamu uku, bayan an kore wasu cututtukan masu kama da ita: rikicewar fitar ƙwai, yawan sinadarin maza a jini ko alamunsa a jiki, da kuma kamannin gidan ƙwai a hoton ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana samun mata 6 zuwa 13 cikin kowane 100 na masu shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu ba a taɓa gano musu ita ba. Ashe ke nan da wuya a sami makarantar Islamiyya ta matan aure wadda ba ta da irin waɗannan mata a sahunta.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta, domin a kansa hukuncin duka ya rataya, shi ne cewa ga mafi yawansu tushen matsalar yana cikin yadda jiki ke sarrafa abinci. Duk tuwo ko shinkafa ko burodin da mutum ya ci, hanji yana mayar da shi sukari ya shiga jini, sa'an nan wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki insulin domin ya sa tsoka da sauran sassan jiki su karɓi wannan sukari su yi aiki da shi. Insulin kamar ɗan aike ne da ke sallama a ƙofar gida a buɗe a karɓi saƙo. A jikin waɗannan mata, mutanen gidan, wato tsoka da kitse, kunnensu ya yi nauyi, ba su amsa sallama ɗaya, sai mai aiken ya turo biyu, ya turo goma, har a buɗe; amma a cikin unguwar akwai gida guda da kunnensa ke garau, shi ne gidan ƙwai, wanda wannan hayaniya ke sa shi ya riƙa yin sinadarin maza fiye da kima. Hanta kuma, saboda yawan insulin ɗin, sai ta rage yin wani furotin da ke ɗaure sinadarin mazan, ya zama ya sami sakewa a jini. To daga nan gemu da ƙuraje suke fitowa, daga nan ƙwai ke kasa nuna har ya fita, in kuwa ƙwai bai fita ba al'ada ba ta zuwa a kan lokaci, ciki ma ba ya shiga. Baƙin wuyan nan da ake ta dirza, yawan insulin ne ya sa fata ta yi kauri, sabulu da man bilicin ba su da aikin yi a wurin. Kuma shi insulin ɗabi'arsa ce ya umurci jiki da ajiye kitse, kitsen ciki kuwa yana ƙara nauyin kunnen, sai abu ya zama kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Shekaru ana cikin haka sukarin jini yana nan daidai, domin fankiriyas tana ninka aikinta tana rufa asiri, har ranar da ta gaji, sai ciwon sukari ya bayyana, sau da yawa tun mace ba ta tsufa ba.

Yanzu sai mu koma ga hannu mai karkarwa. Wanne daga cikin waɗannan abubuwa ne kasabin wannan baiwar Allah? Mai cewa cin banza ne ya jawo mata, sai ya gaya mana yadda zai yi da binciken da likita Andrea Dunaif da abokan aikinta suka wallafa a 1989, wanda ya nuna cewa wannan rashin jin insulin yana nan har a jikin siraran mata masu lalurar, ba masu ƙiba kaɗai ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye a Holan, aka wallafa a 2006, ya nuna kuma cewa gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta. Wato abu ne da aka halicce ta da shirinsa, kamar yadda aka halicci wani dogo wani gajere. Wanda ya zarge ta a kan asalin cutar ya jingina wa bawa abin da yake aikin Mahalicci ne tsantsa, kuma ya haɗa zalunci biyu a kalma ɗaya, gama ya ɗora laifi a inda babu iko, ya kuma ƙara wa mara lafiya ciwon zuciya, alhali damuwa da baƙin ciki da ma suna yawaita ga masu wannan lalura fiye da sauran mata.

Abin da ke ba ni mamaki, kuma yana sosa mini rai, shi ne fuƙaha'unmu na da, waɗanda ba su san insulin ba, sun fi mu adalci ga wannan mace. Sun san da ita sarai. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin Sayyidina Umar game da matar da aka saka, ta ga jini sau ɗaya ko biyu, sa'an nan ya ɗauke mata, inda aka ƙayyade mata jiran wata 9, in ciki bai bayyana ba ta ƙara wata 3, don kada ta dawwama a cikin idda. Sun yi magana a kan macen da gemu ya fito mata, suka halatta mata kawar da shi, Imamu Nawawi ma ya ce mustahabbi ne, ba kuwa wanda ya ce alamar la'ana ce ko maita. A cikin aibobin da malikawa suka lissafa waɗanda ke ba miji ko mata zaɓin warware aure, rashin haihuwa ba ya ciki. Alƙur'ani a ƙarshen Suratus Shura ya mayar da bayar da 'ya'ya mata da maza da hana su gaba ɗaya ga mashi'ar Allah shi kaɗai. Uwar muminai Nana A'isha, wadda al'umma ta ɗauki wani babban yanki na addininta daga bakinta, ba ta haihu ba, kuma wannan bai rage mata ko ƙwayar zarra ba a wurin mijinta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga ina muka samo namu ma'aunin? A bar ma zancen cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akwai hannun matsalar namiji, shi da ba a cika kai shi gwaji ba.

Sai dai akwai kuskure na biyu, wanda ya fi na farko taushin lafazi, don haka ya fi shi wuyar ganewa. Shi ne na masu cewa, tun da ƙaddara ce, sai haƙuri, a zauna a jira lokaci. Wannan magana rabinta gaskiya ce, amma sauran rabin da aka yanke shi ne inda taklifi yake. Lokacin da Sayyidina Umar ya kai Sarga a kan hanyarsa ta Sham, labarin annoba ya riske shi, ya yi shawara ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, amsar da ya bayar ta tabbatar da cewa komawar ita ma tana cikin ƙaddara, kuma zaɓen hanyar tsira ba fita ba ce daga mulkin Allah. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin sarauta da yaƙe-yaƙe, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, har da na basur da na ciwon ido, kuma ba wanda ya ce tawakkalinsa ya raunana. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya kasa sabubban kawar da cuta kashi uku: na yaƙini, irin ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne idan ana tsoron halaka, na zanni mai rinjaye, irin magungunan likitoci, wanda riƙo da shi ba ya warware tawakkali, da na wahami, wanda amfaninsa tsammani ne kawai, shi ne kuwa wanda mai tawakkali na gaskiya yake bari.

Idan aka auna halinmu da wannan ma'auni, sai a ga mun kifar da tsarin. Dukiya da shekaru suna ƙarewa a kashi na uku. Mace ta shanye jarka bayan jarka ta maganin sanyi, ta haɗiyi ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta ba adadi alhali ba ƙwayar cuta ke damunta ba, a kai ta wurin wannan a kai ta wurin wancan ana neman wanda ya yi mata sammu, har zumunci ya lalace a kan zato. Ba addu'a nake nufi ba, Allah ya kiyaye, ita addu'a ibada ce kuma tana tare da kowane sababi. Ina nufin cinikin da ake yi da tsoron mata. Mafi muni ma, a wasu gidajen ana ɗura wa amarya ƙwayoyin sa ƙiba, irin waɗanda ake kira sha ka fashe, don ta cika ido ranar biki, alhali a cikinsu akwai masu ɗaga sukarin jini, wanda ga yarinya mai wannan shiri a jikinta ba ƙaramar cutarwa ba ce.

Kashi na biyu kuwa, wanda hujjarsa ke ƙara ƙarfi kowace shekara, shi aka yi wa riƙon sakainar kashi. An tabbatar cewa mace mai ƙiba da ke da wannan lalura, idan ta rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, sau da yawa al'ada tana daidaita, ƙwai ya koma fita. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutanen da sukarinsu ya fara hawa, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa gyaran ci da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage aukuwar ciwon sukari da kashi 58 cikin 100, maganin metformin kuma ya rage da kashi 31. Shi metformin tsohon magani ne mai araha, ana aiki da shi tun 1957, kuma likitoci suna ba masu wannan lalura shi domin jiki ya ƙara jin insulin. Ga mai neman haihuwa kuma akwai magungunan da ke sa ƙwai ya fita, irin su letrozole da clomiphene, waɗanda ba a shan su sai da kulawar likita. Da yawa daga cikin matan nan suna haihuwa, wasu da magani, wasu ba da shi ba. Kiran su juya ƙarya ce ko a ma'aunin likita.

To, a hannun wa waɗannan sabubba suke? A nan ne nake ganin mas'alar ta bar kan matar ta koma kan wasu. An ce ta rage farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba da shayi mai sukari, ta yawaita wake da ganye irin zogale da rama, da kifi ko ƙwai, ta fifita gero da dawa da acca waɗanda ba a cire musu dusa duka ba, ta kuma rage yawan tuwon kansa. Amma ba ita ke cefane ba, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan. An ce ta yi tafiyar rabin awa a yini, amma ba ta fita sai da izini, daka da surfe da ɗiban ruwan da suka riƙe jikin kakanninta kuwa inji da famfo sun ɗauke su, ba a kuma musanya mata su da kome ba. An ce ta yi gwaji, amma kuɗin yana aljihun wani. Ƙa'idar da muka fara da ita ba ta canja ba: tambaya tana bin iko duk inda ya tafi, kuma kaso mai yawa na ikon nan yana hannun miji, ko uba in ba ta yi aure ba.

Na san mai ilmi zai ce, ai mashhurin zance a mazhabobi, har da abin da ke cikin Muhtasar na Halil, shi ne kuɗin magani da ladan likita ba su cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji. Haka ne, an faɗa. Amma an ruwaito saɓanin haka daga Ibn Abdil Hakam, ɗaya daga manyan malikawan Masar, kuma malaman wannan zamani irin su Shaihu Wahba Zuhaili sun rinjayar da wajabcin, bisa hujjar cewa magani a yau ya zama buƙata ta asali kamar ci da tufafi, saɓanin zamanin da galibinsa tsammani ne. Ko da ma mutum ya tsaya a kan tsohon zancen, bai tsira ba, domin ba a taɓa saɓani ba a kan cewa abinci wajibi ne a kan miji, ga wannan mace kuwa abinci shi ne maganin farko. Mijin da ke shigo da buhun farar shinkafa da katan na lemo, ya hana ta taka ƙafa ko zuwa gidan 'yar'uwarta, sa'an nan ya zauna yana kukan ba ta haihu ba, ya kamata ya sake duba wa ke riƙe da sababin da aka bari.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Malaman usulu, tun daga Gazali har zuwa Shaɗibi, sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, kuma duk yadda suka jera su, rai yana gaban zuriya. Mu kuwa ba mu ganin wannan lalura sai ta ƙofar haihuwa. Budurwa mai ita ba a kai ta asibiti, ana ɓoyewa kada a ji a fasa aurenta. Matar aure ana kai ta don a sami ciki, ranar da aka yi suna kuwa an rufe littafinta. Alhali haihuwa ba ta warkar da rashin jin insulin. Shi cikin ma yana ƙara shi, shi ya sa masu wannan lalura suka fi sauran mata kamuwa da sukarin masu juna biyu da hawan jini a lokacin goyon ciki, kuma wadda ta yi sukari a cikinta tana cikin haɗarin ciwon sukari na dindindin daga baya, da abin da ke biyo shi na lalacewar ƙoda da ido da jijiya. Wadda kuma take yin watanni ba ta ga al'ada ba, bangon mahaifarta yana ta kauri, in aka bar shi shekaru haka yana iya kaiwa ga cutar daji, don haka likitoci ba sa son a wuce wata 3 ba tare da an ɗauki mataki ba. Duk wannan bai dogara ga ko tana neman haihuwa ko ba ta nema ba. Jikinta amana ne a kan kansa, tana da haƙƙin a kula da shi ko da ta haifi goma, ko da kuma Allah bai nufe ta da ko ɗaya ba.

Gwajin da ya fi dacewa da ita ba mai wuya ba ne. Tana zuwa da safe ba ta karya ba, a ɗebi jini, a ba ta ruwa mai giram 75 na sukari ta sha, bayan awa 2 a sake ɗiba. In sakamakon bai kai 140 ba a ma'aunin miligiram, lafiya. Daga 140 zuwa 199 gargaɗi ne, kuma a wannan matakin ne gyara ya fi amfani. Daga 200 zuwa sama ciwon ya shigo. An fifita shi a kan gwajin safe kaɗai domin na safen yana iya fitowa daidai alhali jiki ya fara kasawa. Ana so a yi shi da zarar an gano lalurar, a riƙa maimaita binciken sukari duk shekara 1 zuwa 3 gwargwadon halin mace, mai ciki kuma a yi mata tsakanin mako na 24 da na 28 ko da na farko ya yi kyau. Tun da kuma abin yana bin jini, 'ya'yanta mata da 'yan'uwanta sun cancanci a sa musu ido.

Waɗanda nake ganin sun fi kowa damar taimakawa su ne malamai mata da maza masu karantar da babin haila, domin kafin likita ya ji labarin, su ne ake fara kawo wa. Mace za ta tsaya bayan an tashi karatu ta ce, Malama, wata huɗu ke nan ban gani ba, kuma ba ciki ba ne; ko ta ce, jinin ya wuce kwana goma sha biyar, yaya zan yi da salla? Wajibi ne a ba ta hukuncin sallarta da azuminta, amma a ƙara da tambayarta ko haka yake yi mata tun tana budurwa, ko gashi na fito mata a fuska, ko akwai mai ciwon sukari a gidansu, sa'an nan a umurce ta da ganin likitan mata, ta kuma nemi a auna mata sukari. In mijinta ne ke jan ƙafa, malamin da take karatu a wurinsa ko limamin unguwa shi ne wanda zai iya kiransa ya yi masa magana ya ji.